Gatan Marar Gata a Gadon Asibiti

Duk wanda ya saba zaman makoki a cikin jama'ar Zango a nan Wagadugu ya san yadda hira ke tafiya. An kafa rumfa a bakin titi, an shimfiɗa tabarmi, babura sun yi layi a jikin katanga, an yi wa mamaci addu'a an shafa. Can sai wani ya tambaya, "Jinya ya yi ne?" A ce masa e, ya ɗan kwanta a asibiti. To, an sosa wa kowa inda yake masa ƙaiƙayi. Wannan ya ce wata nas ta taɓa daka wa mahaifiyarsa tsawa a gaban jama'a. Wancan ya ce matarsa na naƙuda, masu aikin dare na ta latsa waya. Na gefe ya ce shi har yau bai manta fuskar wanda ya ce masa ya koma layi ba, alhali ɗansa na numfashi da ƙyar. Kowa na riƙe da ranar, da siffar mutumin, wani ma har da suna.

A irin wannan zama ne wani dattijo mai sayar da goro ya gyara zama ya ce, "Jama'a, ku bar ni in faɗi nawa." Ya ce da damina zazzaɓi ya kama jikanyarsa, yarinya 'yar shekara uku, cikin dare har ta fara sanƙarewa. Suka goya ta a babur sai asibiti. Suka tarar da layi, suka zauna a ƙarshensa, don ba su san kowa ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa da tire a hannu, ta wuce su, sai kuma ta dawo. Ta durƙusa, ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ta buɗe tafin hannunta ta duba, ta ce da uwar, "Taso, biyo ni." Mutanen layi suka fara gunaguni, ta waiwayo ta ce musu da yaren More, wannan ba ta da jini, in ta jira layi ba za ta kai safe ba. Ta kira likitan dare, bai zo ba. Ta sake kira. Daga baya ta tafi da ƙafarta ta taho da shi. Ita ta bi sawun jinin da aka ƙara wa yarinyar. Da aka miƙo takardar magani, ta sa biro ta yi alama ta ce, "Baba, waɗannan kyauta ne, kada ka ba kowa ko dala. Wannan ɗaya ne babu a nan, shi za ka saya a waje."

Aka yi shiru. Wani ya ce, "Allah ya saka mata da alheri. Baba, yaya sunanta?" Dattijo ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ban tambaya ba."

Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami. Mun iya riƙe sunan wanda ya ɓata mana, amma wadda ta tsaya mana a daren tashin hankali sai mu bar ta ta wuce ba suna ba labari. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'a tana cutar da mu kanmu, domin ita ce ke sa masu tsaya wa majinyaci su yi ƙaranci.

1. Kukan da muke yi gaskiya ne

Ba zan ce mutanen rumfar makoki ƙarya suke yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A shekarar 2003 masu bincike biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka fitar da littafi mai suna Une médecine inhospitalière, bayan tawagarsu ta zauna a cibiyoyin lafiya na Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai tana kallon yadda ake karɓar marasa lafiya. Abin da suka tarar kusan iri ɗaya ne a biranen biyar: wanda ya zo da sanayya, ɗan'uwan ma'aikaci ko abokinsa ko wanda wani babba ya turo, ana karɓarsa da fara'a a duba shi da wuri, wanda ya zo shi kaɗai da Allahnsa kuwa, sai jira da tsawa da rashin bayani. Wagadugu ba ta cikin biranen da suka duba, amma duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti a nan zai gane hoton.

Mu 'yan Zango abin ya fi yi mana ciwo saboda dalili biyu. Na farko harshe. Takardun asibiti da Faransanci ake rubuta su, hirar ɗakin jinya kuma yawanci da More ake yi. Tsohuwar da ta yi rayuwarta cikin Hausa, ko baƙon da ya zo fatauci daga Maraɗi ko Sakkwato ciwo ya kayar da shi, zai iya sayen tumatir da More, amma ba zai iya bayyana irin sukar da yake ji a ƙirji ba. Na biyu warwatsewa. Tun da aka rushe tsohuwar unguwarmu ta Zangouettin a 2003 saboda aikin sake gina tsakiyar birni na ZACA, aka watsa jama'a zuwa Nioko da gefen Ouaga 2000 da sauran bakin gari, zumuncin maƙwabtaka ya yi rauni. A da in ciwo ya kama mutum, kafin a kai shi asibiti an samu wanda ya san wani a can. Yau sai ka ga mace ita kaɗai da goyo a bakin ƙofar ɗakin gaggawa. Ƙara da dubban 'yan gudun hijira da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, waɗanda ba su san ko sunan titi ɗaya a birnin nan ba.

To, in dai sanayya ce ke buɗe ƙofa, wa zai buɗe wa marar kowa? Amsar tana cikin asibitin kansa. A kusan kowane ɗaki akwai namiji ko mace cikin farin kaya da ya ɗauki marar gata tamkar nasa. Wake ɗaya ke ɓata gari, haka ne, amma ba a zubar da garin duka saboda shi. Mu kuwa mun haɗa mai kirki da marar kirki mun yi musu kuɗin goro.

2. Me ake nufi da tsaya wa majinyaci?

Ba fara'a kaɗai nake nufi ba, ko da yake fara'a ma rabin magani ce. Ina nufin ma'aikacin jinya ya sa kansa tsakanin majinyaci da abin da zai cutar da shi, ko da abin daga cikin asibitin ya fito. Wannan yana bayyana ta hanya huɗu.

Ta farko ita ce ido. Likita yakan zagaya da safe, ya duba, ya rubuta, ya wuce ɗaki na gaba. Ma'aikacin jinya ne ke wuni ya kwana da majinyaci. Shi ke ganin numfashi ya sauya, fitsari ya ragu, mai jego ta fara jiƙa zane fiye da ƙima, tsoho ya fara sambatu. A lokacin annobar zazzaɓin dengi ta 2023, wadda ta fi tsanani a Wagadugu da Bobo-Dioulasso ta kuma kashe ɗaruruwan mutane, abin da ke raba mai tashi da mai tafiya sau da yawa shi ne a lura da wuri cewa zazzaɓi ya sauka amma ciwon ciki da amai da zubar jini sun taso. Wanda ke bakin gado ne kaɗai zai ga wannan. Gani kuma ba ya wadatarwa sai an tashi an tayar da wanda ya kamata, ko da zai ɓata rai.

Ta biyu ita ce baki. Akwai lokacin da takardar likita ke ɗauke da kuskure: awon magani ya yi wa yaro yawa, ko an rubuta wa mai ciki abin da bai dace da ita ba, ko ana shirin sallamar wanda bai warware ba. Likita ɗan Adam ne, kuma wanda ya kwana yana aiki yakan yi tuntuɓe. Ma'aikacin jinya na ƙwarai zai ce, "Likita, a sake duba wannan." Zai kuma juya ga majinyaci ya fassara masa abin da ake shirin yi masa da harshen da yake ji, don kada a kai mutum ɗakin tiyata ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba.

Ta uku ita ce aljihu. Tun 2016 gwamnatin Burkina Faso ta mayar da kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki kyauta a cibiyoyin gwamnati, har da haihuwa da tiyatar fitar da jariri. Wannan doka ta ceci rayuka masu yawa. Sai dai doka a takarda take, talaka kuma bai san iyakarta ba. Wanda ya ce masa wannan haƙƙinka ne kada ka biya, ko ya nuna masa maganin jenerik mai rahusa irin wanda cibiyar sayen magunguna ta CAMEG ke rarrabawa maimakon mai tsadar da aikinsu ɗaya, ya hana shi sayar da babur ko tunkiyar layya.

Ta huɗu ita ce mutunci. Jan labule kafin a buɗe jikin dattijuwa. Rage murya in za a faɗi sakamakon gwajin da mutum ba ya son maƙwabcin gadonsa ya ji. Hana a zagi yarinyar da ta zo haihuwar fari tana kuka. Barin dangi su matso su laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada, ko a kira wa Kirista fada ko fasto.

Duk wannan yana cikin ainihin aikin. Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, ICN, ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a na farko a 1953, kuma a wancan lokaci biyayya ga umarnin likita aka fi jaddadawa. A gyaran 1973 aka sauya alƙibla, aka bayyana cewa nauyin farko da ke kan ma'aikacin jinya na mutumin da ke buƙatar kulawa ne. Mu Musulmi ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina tana jinyar masu rauni da waɗanda ba su da mai kula da su, kuma a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Fiye da shekara 1,400 ke nan, sunanta bai ɓace ba, domin mutanen zamaninta sun ga ya cancanci a riƙe shi.

3. Gaskiya tana da tsada

Me ya sa ba kowa ke yin haka ba? Domin akwai abin da ake biya. Asibiti wuri ne na manya da ƙanana. Wanda ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta ENSP jiya, in ya ce wa babban likita a sake duba takarda, yana iya jin, "Kai ne likitan ko ni?" Wadda ta hana abokiyar aikinta sayar wa majinyaci maganin da ya kamata a ba shi kyauta ta sayi gaba da wadda za su kwana aiki tare gobe. Za a ce tana da iyayi, tana tona asirin 'yan'uwa. Wanda ya cika kai ƙorafi ofis kan iskar oksijin da ta ƙare ko na'urar da ta lalace, sai a sa masa ido a matsayin mai neman fitina. Gaskiya ɗaci gare ta, kuma mai faɗinta shi ke fara ɗanɗana ɗacin.

Ba a ƙasashenmu kaɗai ba. A asibitin Stafford na Ingila, wata nas ta ɗakin gaggawa mai suna Helene Donnelly ta yi ta kai rahoton wulaƙanta majinyata da sauya alƙaluman lokacin jira. Tsangwamar da ta sha ta kai har tana tsoron tafiya wurin motarta ita kaɗai in ta tashi aiki da dare. Sai da aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Robert Francis, ta ba da shaida, rahoto ya fito a 2013 ya tabbatar da munin abin da ke faruwa, sannan aka karrama ta da lambar OBE a jerin sabuwar shekara ta 2014. In a ƙasar da ke da ƙungiyoyi masu ƙarfi da jaridu masu bin diddigi haka ta faru, ina ga yarinyar da ke aikin dare a wata cibiya a bakin gari, wadda takarda ɗaya ta isa a tura ta inda ba ta so?

Ga kuma nauyin aiki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce ma'aikatan jinya miliyan 27.9 ne a duniya, su ne kashi 59 cikin ɗari na ƙwararrun ma'aikatan lafiya, amma akwai giɓin miliyan 5.9, kuma Afirka na cikin inda giɓin ya fi faɗi. Wani bincike da Linda Aiken ta jagoranta, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2014 kan asibitoci 300 a ƙasashen Turai tara, ya nuna duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 da kashi 7 cikin ɗari. Wannan a Turai ke nan. Ka tuna ɗakin yara a asibitin Charles de Gaulle ko Yalgado Ouédraogo a watan Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, jini kuma ke ƙaranci a ma'ajiya. Wanda ya samu zuciyar tsayawa ya dubi idon yaron da ke ƙarshen layi a irin wannan dare ya yi abin da ya wuce albashinsa.

Wani lokaci kuma da rai ake biya. A Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas ɗauke da Ebola, aka kwantar da shi a asibitin First Consultants. Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin lamba, abin da ya taimaka cutar ta tsaya a kan mutum 20 a Najeriya, 8 suka rasu, ita ma tana ciki. Sunanta ya zagaya duniya, kuma ta cancanta. Amma mutum nawa suka san Justina Ejelonu, nas ɗin da ta fara aiki a asibitin a daidai waɗannan kwanaki, tana da juna biyu, ta yi jinyar Sawyer, ta kamu, ta rasu a watan Agusta? A Laberiya kuwa, Salome Karwah ta rasa iyayenta biyu a Ebola, ita ma ta kamu ta warke, ta koma cibiyar Médecins Sans Frontières a Monrobiya tana jinyar waɗanda kowa ke gudu. Mujallar Time ta sa hotonta a bango a 2014. A Fabrairun 2017 ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwa, iyalanta suka ce an yi jinkirin taɓa ta a asibiti saboda tsoron tsohuwar cutarta. Wadda ta zame wa marasa gata gata, ranar da ta buƙaci mai tsaya mata ba ta samu da wuri ba.

A nan gida, ranar 1 ga Satumba 2009, ruwan sama fiye da milimita 260 ya sauka a Wagadugu cikin sa'o'i, ya shiga asibitin Yalgado, dole aka kwashe majinyata zuwa wasu cibiyoyi. Duk mun tuna gidajen da suka rushe. Wa a cikinmu zai iya kawo sunan ma'aikacin jinya ɗaya da ya tsaya cikin ruwa a kan majinyatansa ran nan, alhali wataƙila nasa gidan ma yana rushewa?

4. "Ai aikinsu ne, biyansu ake yi"

Na san za a ce haka. Amsata ita ce, e, aikinsu ne. Limami ma aikinsa ne jan salla, amma muna bambance mai tsoron Allah da mai neman abin duniya, muna kuma faɗa. Albashi ɗaya ake ba wadda ta dawo ta durƙusa gaban yaro da wadda ta wuce ba ta waiwaya ba. In jama'a ma ba su bambanta su ba, in zagi ɗaya za a haɗa su a yi musu a gidan rediyo da Facebook, me zai hana mai kirki ta gaji? Matashin da ya shigo aiki bana yana kallo. In ya ga mai tsayawa kan gaskiya ba ta samu komai ba sai baƙin jini, ya ga mai kawar da kai na zaune lafiya, ya riga ya koyi darasin da ba a koyar a aji. Yabon gwani ya zama dole, domin abin da aka yaba shi ke yaɗuwa.

Wasu kuma, musamman cikin ma'aikatan kansu, za su ce yabo ba ya sayen buhun masara. Gaskiyarsu. Ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SYNTSHA ta daɗe tana fafutuka kan albashi da kayan aiki, kuma takardar yabo ba za ta maye gurbin safar hannu da oksijin da isassun ma'aikata ba. Duk shugaban da ya raba lambobi don ya rufe bakin masu neman haƙƙi ya yi zalunci. Amma yabon da ya fito daga bakin majinyata yana da wani amfani na daban: garkuwa ne. Ma'aikaciyar da unguwa guda ta san sunanta, wadda wasiƙun godiya ke cikin fayil ɗinta, ba a saurin taka ta ranar da ta faɗi gaskiyar da ba a so.

Sai dai a kula, godiya daban, toshiyar baki daban. Kuɗin da aka cusa wa ma'aikaci a aljihu kafin ya duba majinyaci shi ne ke gina katangar da ke tsakanin mai shi da marar shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa mu muke tsaga bangon da hannunmu. Godiyar da nake kira gare ta a fili ake yin ta, bayan an gama, kuma ba ta shiga aljihu.

Wasu sun riga mu gane wannan. A Amurka, iyalan wani matashi, Patrick Barnes, wanda ya rasu a 1999 yana da shekara 33, sun kafa lambar DAISY don gode wa nas-nas ɗin da suka yi jinyarsa. Yau dubban asibitoci a ƙasashe da dama suna ba da ita, kuma abin da ya bambanta ta shi ne majinyata da danginsu na cikin masu rubuto sunan wanda ya cancanta, tare da labarin abin da ya yi. Lambar Aster Guardians kuwa, mai ɗauke da dala 250,000, 'yar Kenya Anna Qabale Duba ce ta fara cin ta a 2022, a 2025 kuma ta faɗa hannun Naomi Oyoe Ohene Oti, mai jinyar masu ciwon daji a asibitin Korle-Bu na Accra, a ƙasar Gana maƙwabciyarmu. Ba mu da irin wannan kuɗi, amma hanyar farko ba ta buƙatar komai sai takarda da biro.

5. Abin da ke hannunmu

Na farko, mu tambayi suna. "Ɗiyata, yaya sunanki?" "Ɗana, wa ake ce maka?" Wanda ya yi maka alheri a asibiti, kada ka fita ba ka sani ba.

Na biyu, mu rubuta. Wanda bai iya Faransanci ba ya sa ɗansa ko ɗan maƙwabci ya rubuta layi biyar: ranar kaza, a ɗaki kaza, wance ta yi kaza. A kai wa manjo, wato shugaban wurin, in a ƙaramar cibiyar lafiya ta CSPS ne, ko ofishin darakta in babban asibiti ne. Kowace CSPS tana da kwamitin gudanarwa na jama'ar unguwa, COGES, tsarin da ya samo asali daga shirin Bamako na 1987. Kwamitin nan bai kamata ya tsaya kan lissafin kuɗin magani kaɗai ba. Ya buɗe littafi biyu, na ƙorafi da na godiya, a riƙa karanta su duka a taro.

Na uku, shugabannin Zango, limamai, ƙungiyoyin mata da na 'yan kasuwa. Muna karrama alhazai in sun dawo, muna karrama mahaddata, kuma daidai ne. Ranar 12 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya, ranar haihuwar Florence Nightingale a 1820. Me zai hana jama'ar Zango su tattara sunaye daga bakin waɗanda suka yi jinya a shekarar, su zaɓi mutum biyu ko uku, Musulmi ne ko Kirista, Bamoshe ne ko Bafulatani, a gayyace su gaban jama'a a faɗi abin da suka yi, a yi musu addu'a? Addininmu ya koya mana cewa godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah. Masu shirye-shiryen rediyo da ke buɗe layi don ƙorafi su ware rana guda ta kiran godiya.

Na huɗu, hukuma. Kowace shekara a bikin ƙasa na 11 ga Disamba ana rataya wa ma'aikata lambobin girma, har da na fannin lafiya, kuma sunayen daga ofisoshi suke fitowa. A buɗe ƙofa muryar majinyata ta shiga cikin zaɓen. Ƙungiyoyi irin su RAME, da suka daɗe suna sauraron masu zuwa asibiti kan samun magani, za su iya tattara shaidar alheri kamar yadda suke tattara ta matsala. Abin da ya fi lamba muhimmanci kuma shi ne kariya: a samar da hanya a rubuce wadda ma'aikacin jinya zai bi ya ce an yi kuskure ko ana cutar majinyaci, ba tare da ya ji tsoron sauyin wurin aiki ko tsaikon ƙarin girma ba.

Na biyar, mu gyara namu halin. Mukan ajiye marar lafiya a gida ana jiƙe-jiƙe har sai ya galabaita, sannan mu kai shi da tsakar dare mu ɗora laifi kan wanda muka tarar. Mukan cika ɗaki da 'yan dubiya, in an ce mu fita mu ce an wulaƙanta mu. Wasu har hannu suke ɗagawa kan ma'aikaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda muke so ya tsaya wa ɗanmu, mu ma sai mun tsaya masa.

Ba ina cewa a daina ƙorafi ba. Wanda aka zalunta a asibiti ya faɗa, ya kai ƙara, a hukunta mai laifi. Amma al'ummar da ta iya zagi kawai ba ta iya yabo ba, tana korar nagari da bakinta. Kowannenmu, mai kuɗi da talaka, akwai daren da zai kwanta a gadon da sanayyarsa ba ta kai ba, bakinsa ya kasa magana, danginsa na waje an rufe ƙofa. A wannan dare rayuwarsa, bayan ikon Allah, tana hannun wanda zai ce "a sake dubawa" ko ya yi shiru. In muna son a samu mai faɗin wannan kalma a lokacin, yanzu ne za mu nemo masu faɗinta, mu san sunansu, mu gode musu a bainar jama'a, mu kuma tsaya bayansu in an taso musu.